USTAZ BADE GULAM ALI KHAN: MAWAƘIN DA RABON ƘASA YA MAI DA SHI BAƘO

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun daga shekarun 1960 mutanenmu suka saba da waƙoƙin Indiya ta hanyar siliman, har ya zama sunayen Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi ba baƙi ba ne a Kano ko Kaduna ko Jos, haka kuma a unguwannin Hausawa na Ikko da Ibadan. To, amma waƙar siliman reshe ce kurum. Akwai wata tsohuwar waƙa a Arewacin Indiya wadda ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, wadda aka reno a fadojin sarakuna, ake kuma gadonta daga uba zuwa ɗa. A wannan mako za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin manyan gwanayenta, watau marigayi Ustaz Bade Gulam Ali Khan, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1968.

Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da alaƙa da Baden Gashuwa. Kalmar Bade a bakinsu ma'anarta babba, an kuwa laƙaba masa ita ne domin a bambanta shi da wani mawaƙi takwaransa, wanda ake kira Cote Gulam Ali, watau Gulam Ali ƙarami. Ustaz kuwa laƙabi ne da suke bai wa Musulmin da ya ƙware a kan sana'ar kiɗa da waƙa, kamar yadda suke ce wa gwani mabiyin addinin Hindu Pandit.

ASALINSA

An haife shi a cikin watan Afrilu na 1902 a garin Kasur, cikin lardin Fanjab, kimanin mil 30 kudu da birnin Lahor. A lokacin nan Turawan Ingila ke mulki, babu wata ƙasa da ake kira Pakistan. Kasur tsohon gari ne na waliyyai da mawaƙa. A nan kabarin Bulle Shah yake, wani shahararren sufi mai waƙoƙin Fanjabanci, a nan kuma aka haifi zabiya Nur Jahan a cikin 1926.

Gidansu gidan waƙa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Ali Baksh Khan, mawaƙi ne kuma makaɗin sarangi. Ɗan'uwan mahaifinsa, Kale Khan, shi ne ya fi suna a gidan wajen murya, shi ne kuma ya fara ɗora yaron a kan hanya tun yana ɗan ƙanƙane. Ƙannensa ma duk sun bi sahu, musamman Barkat Ali Khan, wanda ya yi suna ƙwarai wajen waƙoƙin bege.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da suke kira garana. Kalmar ta samo asali daga gar, watau gida a harshensu. Garana ita ce salon waƙa na wani gida, wanda ake kira da sunan garin da ya kafu, misali Gwaliyo, da Agra, da Jaifur, da Kirana, da Fatiyala. Ba a koyon wannan ilmi daga littafi. Yaro yakan zauna gaban malaminsa shekara da shekaru, malam ya rera, shi ya maimaita, har abin ya zauna masa a maƙogwaro. Ran da aka karɓi almajiri akan ɗaura masa zare a wuyan hannu, alamar ya shiga gidan ke nan. A da kuwa malamai suna da rowar iliminsu ƙwarai, ba su cika ba da zurfinsa ba sai ga ɗa ko suruki.

Gidan Fatiyala, wanda Gulam Ali ya gada, abokai biyu ne suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 19, watau Fate Ali Khan da wani Ali Baksh dabam, ba mahaifin Gulam Ali ba. Saboda ƙarfin waƙarsu aka yi musu laƙabi irin na soja, ɗaya Janar, ɗaya Kanar. Waɗannan mutane biyu ba su tsaya ga malami ɗaya ba. Sun yi karatu wurin Tanras Khan na Delhi, wanda ya yi wa sarkin Mugal na ƙarshe waƙa kafin Turawa su tuɓe shi bayan tawayen 1857, sun kuma ɗebo daga malaman Gwaliyo da na Jaifur. Sa'an nan suka sami gindin zama a fadar Sarkin Fatiyala, wanda shi mabiyin addinin Sik ne. Wurin Fate Ali Khan ne Kale Khan ya yi karatu. Ashe ke nan tun daga tushe gidan nan na matafiya ne, masu tsinto alheri duk inda suka gan shi.

DAGA SARANGI ZUWA MURYA

Gulam Ali bai fara cin abinci da muryarsa ba. Da sarangi ya fara. Sarangi ɗan'uwan goge ne, ana goga shi da baka, amma yana da manyan tsirkiya uku da ƙanana fiye da talatin waɗanda ke amsa amo da kansu. Babu abin kiɗan da ya kai shi kwaikwayon muryar ɗan Adam. Sai dai a zamanin nan makaɗin sarangi ba shi da daraja a idon jama'a, domin aikinsa shi ne ya zauna a baya yana raka zabiyoyi. Saurayin ya yi shekaru yana wannan aiki a Lahor domin neman abin kai wa baka, yana kuwa ci gaba da horar da muryarsa dare da rana. Daga baya ya ƙara karatu wurin Ashik Ali Khan, ɗan Fate Ali Khan, da kuma Akhtar Husaini Khan, dukansu magadan gidan Fatiyala.

Wannan zama a baya bai tafi a banza ba. Wanda ya yi shekaru yana bin muryar wani da tsirkiya, tilas kunnensa ya yi kaifi, domin in ya kauce ko da ƙiris kowa zai ji. Masana sun haɗu a kan cewa daidaiton muryar Gulam Ali, da yadda yake sulalewa daga wannan amo zuwa wancan ba tare da gargada ba, sarangi na da hannu a ciki.

YADDA WAƘAR TAKE

Irin waƙar da ya shahara da ita sunanta hayal, kalmar Larabci ce da ta shiga bakinsu, ma'anarta abin da zuciya ta sawwara. Ta bunƙasa a fadar Delhi a ƙarni na 18, zamanin Sarki Muhammad Shah. Baitocinta kaɗan ne, layi huɗu ko biyar, amma mawaƙi na iya ɗaukar sa'a guda yana juya su. Gwanintar ba a yawan magana take ba, a sarrafa murya take.

Suna da matakan amo guda bakwai, kowanne da sunansa: sa, re, ga, ma, pa, da, ni. Daga cikinsu ake zaɓo waɗansu a tsara su bisa ƙa'ida, yadda za a hau da yadda za a sauko, da inda za a dakata, da inda ba a taɓawa. Wannan tsari shi ake kira raga. Kowace raga da lokacinta. Bairab ta asuba ce, Bufali ta farkon dare, Malkauns da Darbari na tsakar dare, Malhar kuwa ta damina. A bayan mawaƙi akwai mai tanfura, wata doguwar garaya mai tsirkiya huɗu da ke riƙe masa amon tushe, ga kuma mai tabla, 'yan tagwayen ganguna da ke ƙidaya masa zagaye, wani mai bugu 16, wani mai 12. Mawaƙi yakan yi nisa yadda ya so, amma tilas ya komo daidai kan bugun farko. A nan ne masu sauraro ke gyaɗa kai, su ɗaga murya su yaba.

Bisa al'ada, mawaƙi yakan fara a hankali ƙwarai, ya daɗe yana shimfiɗa raga tukuna ya shiga sauri. Akwai gidajen da kan yi rabin sa'a ba su bar matakai uku na farko ba. A nan ne Gulam Ali ya bambanta da sauran. A ganinsa kyan raga yana cikin shimfiɗa ta a natse, amma ya lura masu sauraro na zamaninsa ba su da haƙurin sarakunan da. Don haka ya koyi taƙaitawa. Cikin 'yan mintoci yakan fito da kamannin raga sarai, sa'an nan ya shiga abin da ake kira tan, watau gudun murya bisa matakai da saurin gaske, kowane mataki kuwa a fili kamar an jera tsakiya a zare. Muryarsa na sauka can ƙasa ta kuma hau ƙololuwa, hawa uku na matakan nan bakwai, ba ta shaƙewa, ba ta canja launi. A kan cinyarsa kullum akwai surmandal, wani ɗan akwati mai tsirkiyoyi da yawa, yana shafa shi da yatsa yana waƙa.

Waɗansu dattawan sana'ar sun zarge shi da gaggawa, suna ganin ya rage wa hayal nauyinta. Amma ko masu sukan nasa ba su taɓa cewa ya kauce wa amo ba. Taƙaitawar nan kuwa ita ta ba shi nasara a kan faifan garmaho, wanda fuskarsa guda ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Fayafayan da ya yi a ragogi irin su Malkauns da Darbari da Gunkali da Kedar har yanzu ɗalibai na saurarensu domin su ga yadda ake zuba kogi a cikin tulu.

Bayan hayal akwai tumri, waƙar bege da soyayya, wadda ƙa'idarta ta fi sassauci. Cibiyarta a da Laknau da Banaras ne, can gabas. Gulam Ali da ƙanensa Barkat Ali suka sa mata ɗanɗanon waƙoƙin ƙauyukan Fanjab da na duwatsun arewa, da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe masu sauri, har aka san wannan salo da sunan tumrin Fanjab. Matarsa ta fari ta rasu a cikin 1932, masu ba da tarihinsa kuwa suna danganta zafin begen da ke cikin tumrinsa da wannan rashi. Ya kuma tsara baitoci nasa na kansa da yawa, yana sa musu hannu da laƙabin Sabrang, watau mai dukkan launuka.

SUNA YA FITA

Sai da ya kusa shekara arba'in sa'an nan Indiya duka ta san shi. A ƙarshen shekarun 1930 ya yi waƙa a Kalkata, birnin da yanzu ake kira Kolkata, mutanen Bengal suka karɓe shi hannu bibbiyu. A cikin 1944 aka yi wani babban taron mawaƙa a Bombai, watau Mumbai ta yanzu, inda manyan sana'ar suka hallara. Daga wannan taro ne aka daina tambayar ko wane ne shi. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai jiki, mai murtuken gashin baki, mai son abinci mai maiƙo da raha da kyauta. Wanda ya gan shi bai ji shi ba, sai ya zaci ɗan kokawa ne. Da ya buɗe baki kuwa sai a ji murya mai taushi kamar alharini.

Lokacin da ya fito ya yi daidai da lokacin da duniyar mawaƙa ke juyawa. Fadojin da suka ciyar da kakanninsa suna gab da rushewa, domin bayan samun mulkin kai an haɗe ƙasashen sarakunan nan fiye da 500 cikin sabuwar gwamnati. Mawaƙi ya daina dogara ga sarki guda mai ba shi gida da doki da riga. Sabon ubangidansa shi ne gidan rediyo, da kamfanin faifai, da talaka mai yankan tikiti. Da yawa daga cikin tsofaffin gwanaye sun kasa wannan sauyi, suka mutu cikin talauci da iliminsu a ciki. Gulam Ali ya gane inda iska ta dosa tun da wuri.

RABON ƘASA

A cikin watan Agusta na 1947 Turawa suka tafi, aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan. Layin iyaka ya tsaga Fanjab a tsakiya. Mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi suka nufi yamma, Hindu da Sik suka nufi gabas, dubban ɗaruruwa kuma suka hallaka a hanya. Kasur da Lahor suka faɗa Pakistan. Fatiyala, garin da salonsa ke amsa sunansa, ta faɗa Indiya, haka nan Kalkata da Bombai da Delhi, inda masu sauraronsa suke.

To, ina mutum zai sa kansa? Gulam Ali ya zaɓi gida, ya zauna a Pakistan. Amma zaman bai yi masa daɗi ba. Yawancin attajirai da masu ilmin da ke riƙe da wannan waƙa a Lahor sun ƙaura. Sabuwar ƙasa tana fama da 'yan gudun hijira, ba ta waƙar fada take ba. Ga shi kuma baitocin hayal da tumri da yawa, waɗanda Musulmi da Hindu suka gada tare, suna ambaton abubuwan al'adar Hindu, waɗansu kuwa suka fara yi musu kallon kayan maƙwabta. Shi a wurinsa waƙar ba ta da iyaka. Ya gaje ta haka daga iyayensa Musulmi, bai kuwa ga dalilin da zai sa ya yanke mata hannu ko ƙafa ba.

Sai ya riƙa ƙetarawa Indiya da takardar izni, kamar kowane baƙo, ya yi waƙa a garuruwan da dā yake shiga ba mai tambayarsa, in wa'adi ya cika ya koma. A ƙarshe ya yanke shawarar ƙaura gaba ɗaya. A cikin 1957 ya sami takardar zama ɗan ƙasar Indiya, da taimakon Morarji Desai, wanda ya yi Firimiyan Jihar Bombai, daga baya kuma ya zama Firayim Ministan Indiya a 1977. Aka ba shi gida a unguwar Malabar Hil ta Bombai. Ku duba wannan al'amari. Mutum yana da shekara 55, sai da ya nemi takarda kafin ya zama ɗan ƙasar da aka haife shi da sunanta, garin haihuwarsa kuwa ya koma ƙasar waje.

SHIGARSA SILIMAN

Ya daɗe yana ƙin yi wa siliman waƙa, domin manyan mawaƙan hayal suna ganin abin ƙasƙanci ne. Amma sa'ad da K. Asif ke shirya fim ɗin nan Mughal-e-Azam, wanda ya fito a 1960, labarin Sarki Akbar da ɗansa Yarima Salim da kuyanga Anarkali, sai aka bukaci muryar da za ta tsaya a matsayin Tansen, babban mawaƙin fadar Akbar. Mai tsara kiɗan fim ɗin, Naushad, ya san mutum ɗaya ne zai iya. Labarin da ya shahara shi ne, Ustaz ya yanka kuɗin da yake zaton zai kore su, watau rufi 25,000 kowace waƙa, a lokacin da Lata da Rafi ba su kai rufi 500 ba. Asif kuwa ya amince nan take.

Waƙa biyu ya yi musu, ɗaya a ragar Sohni, ɗaya a ragar Rageshri. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin zai tuna wurin da Dilip Kumar da Madhubala ke zaune cikin lambu da dare, ba mai cewa uffan, wata murya kuwa tana tasowa daga nesa. Muryar Bade Gulam Ali ke nan. Bai sauya salonsa domin siliman ba, siliman ce ta zo ta same shi inda yake, ta kuma biya farashinsa.

ƘARSHEN RAYUWA

A cikin 1961 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Jama'a suka ɗauka shi ke nan. Amma da ya ɗan sami sauƙi sai ya koma fage, ana ɗauko shi a zaunar, ɗansa Munawar Ali Khan na gefensa yana tallafa masa da murya. Jiki ya raunana, amma daidaiton amo bai tafi ba. A cikin 1962 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Bhushan, a shekarar kuma ya karɓi lambar hukumar kiɗa da wasanni ta ƙasar, watau Sangeet Natak Akademi. Allah ya yi masa rasuwa a cikin watan Afrilu na 1968 a fadar Bashir Bag da ke birnin Haidarabad, can kudancin Indiya, yana da shekara 66. A can aka rufe shi, nesa ƙwarai da Kasur.

Gidan bai mutu ba. Munawar Ali Khan ya riƙe salon har rasuwarsa a 1989, ɗansa Raza Ali Khan ya ɗora. A Kalkata, inda aka fara karɓarsa, salon ya yi saiwa ta hannun almajirai irin su Prasun Banerjee da matarsa Meera, da kuma Ajoy Chakrabarty wanda ya yi karatu wurin Munawar. A Pakistan akwai Gulam Ali mai waƙoƙin gazal, wanda aka raɗa wa suna saboda Ustaz, ya kuma yi karatu a gidansu. A 2003 Indiya ta buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa. Yau Musulmi da Hindu da Sik, a ɓangarorin iyakar nan biyu, duk suna kiransa nasu.

To, 'yan'uwa mazauna Kurmi, labarin nan ba zai zama baƙo a kunnenku ba, ku da kuka san ɗacin barin gida domin neman halali, kuka kuma san yadda ake tambayar mutum asalinsa a cikin ƙasarsa. Bade Gulam Ali ya rasa fada, ya rasa garinsu, daga baya ya rasa lafiyar jikinsa. Abin da bai rasa ba shi ne abin da Kale Khan ya zuba masa tun yana yaro, domin wannan ba a ƙwace shi a bakin iyaka. Ya yarda ya rage tsawon waƙarsa saboda sababbin masu sauraro, amma bai yarda ya rage ingancinta ba, bai kuma sayar da ita da araha ba. Wanda ya riƙe sana'arsa da mutuncinsa haka, duk inda dare ya yi masa zai sami masauki.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa. Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.